Kwalin Faifai: Kimiyyar da ke Cikinsa da Rawar da Ya Taka Wajen Tallata Mawaƙa

Gabatarwa

Duk wanda ya yi wayo a ƙarshen ƙarni na 20 a garuruwa irin su Dayi da Malumfashi da Funtuwa, ba zai manta da mai sayar da kaset ba. A bakin tasha ko a gefen kasuwa yakan kafa teburinsa ko ya turo baronsa, ya jera kaset-kaset reras, rikoda na ta kiɗa har batir ya yi sanyi. Garin Dayi, da yake mararraba ce inda hanyar da ta taso daga Kano ta Gwarzo ke haɗuwa da wadda ta taso daga Funtuwa ta Malumfashi, ya ga irin waɗannan 'yan kasuwa da dama. Manomin da ya sayar da audugarsa ko masararsa da kaka, yakan tsaya gaban teburin ya ƙura ido, ya nuna da yatsa ya ce a ba shi wancan. Sau da yawa bai ji abin da ke ciki ba tukuna. Abin da ya gani shi ne kwalin.

Wannan darasi zai duba wannan ɗan kwali da ake naɗe kaset ko faifan sidi a ciki. Za a ga abin da aka yi shi da shi, da dalilin da ya sa faifai ke bukatarsa, da yadda ake buga hoto mai launi a kansa. Daga nan za a duba yadda ya zama hanyar tallata mawaƙi, har ma ya zama ma'aunin kuɗin da mai fasaha ke samu a kasuwar Kano. A ƙarshe akwai gwaje-gwajen da malami zai iya gudanarwa a aji ba tare da kashe kuɗi ba.

Taƙaitaccen Tarihi

A zamanin faifan garmaho na farko, babu wani ado a jikin rigar faifai. Takarda ce kawai mai ruwan ƙasa, an huda tsakiyarta don a iya karanta sunan waƙa da na kamfani. Da yake kowane faifai ba ya ɗaukar fiye da 'yan mintoci a kowace fuska, sai a riƙa ɗinke riguna da yawa wuri guda kamar kundin ajiye hotuna. Daga nan kalmar "albam" ta shigo harkar waƙa.

A shekarar 1940 wani matashin mai zane, Alex Steinweiss, wanda ke aiki da kamfanin Columbia a Amurka, ya shawo kan shugabanninsa suka yarda a yi wa albam bango mai hoto da launi. Ciniki ya ƙaru, sauran kamfanoni suka bi sahu. A 1948 wannan kamfani ya fito da babban faifai mai dogon zango, wanda faɗinsa ya kai santimita 30, aka riƙa sa shi cikin rigar kwali mai kimanin santimita 31 a kowane gefe. Irin wannan faifai ne kamfanin EMI ya riƙa buga wa Alhaji Mamman Shata a Nijeriya.

A 1963 kamfanin Philips na ƙasar Holan ya fito da kaset. Shi ne ya kai waƙa ƙauyuka, domin rikoda na aiki da batir, kuma kowa na iya ɗaukar murya ko ya kwafi kaset daga kaset. Faifan sidi kuwa, wanda ake rubutawa CD a taƙaice, Philips da kamfanin Sony na Japan ne suka haɗa hannu suka fitar da shi kasuwa a 1982, amma bai zama ruwan dare a ƙasar Hausa ba sai bayan shekarar 2000.

Abin lura a nan shi ne yadda filin da mai zane ke aiki a kai ya riƙa canzawa. Bangon babban faifai ya kai murabba'in santimita 961. Na sidi, mai santimita 12 a kowane gefe, murabba'in santimita 144 ne. Fuskar kwalin kaset kuwa ba ta wuce kimanin 65 ba. Wato abin da mai zane yake shimfiɗawa a fili mai yalwa, ya zama tilas ya matse shi a wurin da bai fi tafin hannu ba.

Mene ne Kwali?

Kwali ɗan'uwan takarda ne, kauri kawai ya raba su. Dukansu an yi su ne da zaruruwan tsirrai. Kowane tsiro yana da wani sinadari a bangon ƙwayoyin halittarsa da ake kira selulos, wanda shi ne ƙashin bayan tsiron. A jikin itace selulos yakan kai kashi 40 zuwa 50 cikin 100. A zaren auduga, irin wadda ake nomawa a ƙasar Funtuwa da Malumfashi, yakan kai kashi 90 cikin 100. Karan dawa da na masara da rama duk suna ɗauke da shi, kuma ana iya yin takarda da su.

A cikin itace, zaruruwan selulos a manne suke da juna da wani sinadari mai kama da ƙaro, wanda ake kira liginin. Akwai hanyoyi biyu na raba su. Ta farko ita ce a niƙe itacen da inji. Wannan hanya tana da araha, amma liginin yakan saura a ciki, kuma shi ne ke sa takardar jarida ta koma rawaya idan ta sha rana. Ta biyu ita ce a dafa gutsattsarin itacen da sinadarai masu kaifi irin na soda har liginin ya narke ya fita. Carl Dahl ne ya ƙirƙiro fitacciyar hanyar yin haka a 1879, kuma takardar da ake samu tana da ƙarfi ƙwarai, ita ce irin ta buhun siminti.

Bayan an sami ɓawon zaren, sai a dama shi da ruwa mai yawa ya yi tsararo, a kwarara shi a kan wata raga mai gudu. Ruwa ya tsiyaye, zaruruwa su sarƙe da juna, a matse, a busar. Domin a sami kwali sai a ɗora shimfiɗa a kan shimfiɗa. Sau da yawa shimfiɗar tsakiya daga tsofaffin takardu ake yin ta, shi ya sa cikin kwalin sabulu ko na ashana yake da launin toka. Fuskar da za a yi bugu a kanta kuma akan shafe ta da farar ƙasa mai laushi ko alli, domin ta yi sumul, kada ta shanye tawada.

Ana auna takarda da nauyin murabba'in mita ɗaya. Farar takardar ofis giram 80 ce. Tun da falle 16 na irinta ne ke cika murabba'in mita ɗaya, kowane falle giram 5 ke nan. Kwalin da ake rigar faifai da shi yakan kama daga giram 250 zuwa 350.

Akwai wani sirri kuma da kowane ma'aikacin maɗaba'a ya sani. Da yake ragar injin gudu take yi, yawancin zaruruwan sukan kwanta ne ta fuskar da take tafiya. Saboda haka kwali yana da tsawo da kwance irin nasa, kamar yadda rake ke tsagewa cikin sauƙi ta tsawonsa amma ya ƙi ta gicciye. In aka naɗe kwali bisa kwanciyar zarensa, sai ya lanƙwashe lafiya. In aka gicciya, sai fuskarsa ta tsattsage, hoton ya yi farin zane a kan lanƙwasar. Don haka ake fara danna masa layi da dasasshen ƙarfe kafin a naɗe. Wani mai maɗaba'a a birnin Niyok, Robert Gair, shi ne ya gano a wajejen 1879 cewa ana iya yanka kwali a kuma danna masa layin naɗi a bugu guda, bayan da wani ƙarfen injinsa ya goce ya yanka abin da aka so ya danna. Daga wannan kuskure aka sami kwalayen naɗi da ake amfani da su har yau.

Nijeriya ta kafa masana'antun takarda a Jebba da Oku-Iboku da Iwopin, amma aikinsu ya ja baya ƙwarai a shekarun 1990. Wannan ya sa maɗaba'u suka dogara da kwali da takardar da ake shigowa da su daga waje, farashinsu kuma ya riƙa bin hawa da saukar darajar naira.

Me Ya Sa Faifai ke Bukatar Riga?

Faifan sidi faɗinsa santimita 12 ne, kaurinsa milimita 1.2. Mafi yawan jikinsa roba ce garai-garai mai suna folikabonet. A saman robar an dasa ƙananan ramuka da ido ba ya iya gani, a jere kan wani layi da ya fara daga tsakiya yana kewayawa zuwa gefe. In da za a warware wannan layi, tsawonsa ya haura kilomita 5. Tazarar da ke tsakanin kewaye da kewaye kuwa maikuron 1.6 ce, alhali maikuron ɗaya kashi ɗaya ne cikin 1,000 na milimita. A kan ramukan an shafa goran ruwa siriri mai sheƙi, aka rufe shi da wani fenti mai kariya, sannan aka buga suna a kai.

Idan faifai na juyawa, na'ura takan harba siririn hasken lesa ta ƙasa. Hasken ya ratsa robar, ya bugi goran ruwan, ya dawo. Bambancin hasken da ke dawowa daga rami da wanda ke dawowa daga sarari, shi na'urar ke mayarwa lambobi, lambobin kuma su koma sauti.

Daga wannan bayani za a fahimci abubuwa uku. Na farko, fuskar da aka yi rubutu a kanta ta fi fuskar da ke sheƙi rauni, domin ramukan suna dab da ita, fenti kawai ya raba su da waje. Ƙarzuwa mai zurfi a wannan fuska takan ɗebe goran ruwan, abin da ya tafi kuma ya tafi ke nan. Na biyu, an tsara sidi da dabarar cike gurbi, ta yadda na'ura kan iya gyara ɓarnar da ta kai tsawon milimita 2 a kan layi. Ƙarzuwar da ta taso daga tsakiya zuwa gefe ɗan wuri kaɗan take taɓawa a kowane kewaye, don haka ana iya gyara ta. Wadda ta bi kewayen kuwa takan shafe dogon zango a jere. Wannan ne dalilin da ya sa ake goge faifai daga tsakiya zuwa waje, ba a kewaye ba. Na uku, zafi yakan lanƙwasa roba. Faifan da aka bari a gaban mota da tsakar rana a watan Afrilu, da wuya ya sake juyawa daidai.

A ƙasar Hausa abokan gaban faifai su ne ƙurar hunturu, wadda ke ɗauke da ƙananan ƙwayoyin yashi masu ƙarzar roba, da zafin bazara, da danshin damina. Aikin farko na riga shi ne kare faifai daga waɗannan.

Kwali ko Akwatin Roba?

Lokacin da sidi ya fito, a cikin akwatin roba mai murfi ake sayar da shi, wanda Peter Doodson na kamfanin Philips ya tsara. Kaurinsa milimita 10 ne, kuma an yi shi da wata irin roba mai saurin fashewa. A tsakiyar shekarun 1980 aka fito da wani samfuri mai suna Digipak a Amurka, wato kwali mai naɗi da aka manna wa faranti na roba a ciki. A can Amurka ma an daɗe ana ƙara sa akwatin cikin wani dogon kwali, domin ya dace da kantocin da aka yi don babban faifai kuma ya yi wuyar sacewa, har aka daina a 1993 saboda koke-koken masu kare muhalli game da sharar da yake tarawa.

A Nijeriya, daga kasuwar Alaba ta Legas har zuwa Kano, rigar kwali zalla ce ta yi rinjaye. Lissafi kaɗan zai nuna dalili. A ɗauka za a yi riga mai fuska biyu, kowace santimita 12.5 sau 12.5, da leɓe biyu na mannawa, kowane santimita 12.5 sau 1.5. Fuskokin biyu sun ba da murabba'in santimita 312.5, leɓunan sun ba da 37.5, jimla 350, wato kashi 0.035 na murabba'in mita. In kwalin mai giram 300 ne, nauyin riga ɗaya giram 10.5 ke nan, guda 1,000 kuma kilo 10.5. Akwatin roba ɗaya yakan haura giram 50, saboda haka guda 1,000 sun haura kilo 50. Ta fuskar wuri kuma, akwati 100 in aka ɗora su kan juna sun kai mita ɗaya, amma faifai 100 cikin rigar kwali ba su wuce kimanin santimita 20 ba.

Ga ɗan kasuwar da zai ɗauko kaya daga Kano a cikin motar haya, ya bi ta Gwarzo ya sauka a Dayi, wannan bambanci ba ƙarami ba ne. Kwali ba ya fashewa, ba shi da nauyi, ga araha. Sai dai yana da nasa aibin. Selulos yana shan ruwa daga iska, don haka kwali yakan kumbura ya lanƙwashe da damina. Gara da kyankyaso suna cin sa. Bugu da ƙari, in ƙwayar yashi ta shiga ciki, duk sa'ad da aka zaro faifai sai ta ƙarje shi. Wannan ya sa ake fara sa faifan cikin 'yar leda mai laushi, a kuma lulluɓe fuskar kwalin da siririyar leda mai sheƙi a maɗaba'a.

Yadda Ake Buga Hoto Mai Launi

Mai kallon kwali zai zaci an yi amfani da tawada kala-kala barkatai. A haƙiƙa tawada huɗu ce kawai: shuɗiya mai haske, da ja irin na garura, da rawaya, da baƙa. Ana rarraba hoton gida huɗu, kowace tawada da farantinta, a kuma mayar da kowane kaso ƙananan ɗigo-ɗigo, kimanin layi 60 a kowace santimita. Inda ɗigon ya yi girma launi ya yi duhu, inda ya ƙanƙance launi ya yi haske. Ido ba ya iya rarrabe ɗigon daga nesa, sai ya gauraya su. Shuɗi da rawaya su ba da kore, garura da rawaya su ba da ja wur. Fatar fuskar mawaƙi da babbar rigarsa da zanen hularsa duk daga waɗannan huɗun suka fito.

Farantin bugun kansa yana aiki ne da wata ƙa'ida da kowace mai girki ta sani: ruwa da mai ba sa haɗuwa. Alois Senefelder na ƙasar Jamus ne ya fara amfani da ita a 1796. Wurin da hoto yake a faranti yana kama tawada mai maiƙo, sauran wurin kuma yana kama ruwa ya kori tawadar. Daga faranti hoton yakan hau kan wani gammo na roba, daga nan ya sauka kan kwali. Dole ne launuka huɗun su hau kan juna daidai wa daida. In ɗaya ya goce ko da rabin milimita ne, sai a ga fuska ta yi inuwa biyu.

Akwai kuma dalilin da ya sa tsohon kwali ko fasta da ya daɗe a rana yake komawa shuɗi-shuɗi. A cikin hasken rana akwai wani kaso da ido ba ya gani, mai ƙarfin karya sinadaran launi. Rawaya da garura sun fi saurin karyewa, shuɗi da baƙi sun fi juriya, don haka su ke saura.

Kwali a Matsayin Ɗan Talla

Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska. Kwali shi ne fuskar waƙa, kuma ayyukansa na talla sun kasu kamar haka.

Na farko, gabatar da mawaƙi. Jama'a da yawa sun san muryar mawaƙi a Rediyon Kaduna shekara da shekaru ba su taɓa ganinsa ba. A jikin kwali suka fara ganin kamanninsa. Ga wanda bai iya karatun boko ba, hoton shi ne rubutun.

Na biyu, bayyana irin kiɗan. Abin kiɗan da aka nuna a hoto yakan faɗi abin da ke ciki tun kafin a kunna. Kalangu yana tuna wa mai saye Mamman Shata, wanda aka haifa a Musawa, ya yi zama a Funtuwa, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988, ya rasu a 1999. Ƙwarya tana tuna masa amada da Barmani Choge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013. Kuntigi kuwa ya zama tamkar tambarin Ɗanmaraya Jos, kamar yadda gurmi ya zama na Haruna Uji.

Na uku, ficewa daga cikin jeri. A kan tebur mai kaset ɗari, wanda aka iya karanta sunansa daga nesa shi ake fara nunawa. Wannan ya dogara ne da bambancin haske tsakanin rubutu da bayansa. Baƙi a kan rawaya ko fari a kan shuɗi mai duhu suna fitowa sarai. Ja a kan kore kuwa yana gajiyar da ido, kuma akwai mutanen da aka haifa ba sa iya rarrabe waɗannan launuka biyu sosai, galibinsu maza.

Na huɗu, isar da saƙo. Babban misali a Nijeriya shi ne Lemi Ghariokwu, wanda daga 1974 ya zana wa Fela Anikulapo Kuti bangon albam 26. Zane-zanensa sun ɗauki irin sukar da ke cikin waƙoƙin, har suka zama abin nuni a gidajen adana zane na ƙasashen waje.

Na biyar, adana tarihi. A bayan kwali ne ake rubuta jerin waƙoƙi da shekara da sunayen makaɗa da 'yan amshi da wurin da aka ɗauki waƙa. A nan ne aka yi babbar asara a ƙasar Hausa. Waƙoƙi masu ɗimbin yawa an ɗauke su ne a wurin biki ko a gidan rediyo, aka yi ta kwafa daga kaset zuwa kaset, ba shekara, ba sunan makaɗi. Masu bincike irin su Ibrahim Sheme da abokan aikinsa, waɗanda suka wallafa tarihin Shata mai suna Shata Ikon Allah a 2006, sai da suka bi mutane gari-gari suna tambaya, domin a gano abubuwan da layi biyu a bayan kwali da sun wadatar.

Lokacin da Kwali Ya Zama Kuɗi

A shekarun 1990 kasuwar Ƙofar Wambai ta Kano ita ce cibiyar kwafar kaset da rarraba shi zuwa garuruwan Arewa da ƙasashen maƙwabta. Da finafinan Hausa na bidiyo suka kunno kai, tun daga Turmin Danya a 1990, sai aka sami wani tsari na ciniki wanda Brian Larkin, masanin halayyar al'umma da ya yi bincike a Kano, ya bayyana a rubuce-rubucensa. Mai fim yakan kai wa 'yan kasuwa uwar kaset, su kuma su sayi kaset fanko su kwafa da injinansu. Abin da mai fim ke sayar musu shi ne kwalin da ya buga. Iya yawan kwalin da aka saya, iya kuɗin da ya samu. Ke nan haƙƙin mai fasaha ba a jikin kaset yake ba, a jikin kwali yake.

Hikimar wannan tsari a fili take. Kwafar kaset abu ne da kowa ke iya yi a ɗakinsa da rikoda biyu. Buga kwali mai launi huɗu kuwa sai an je maɗaba'a, an yi faranti, an buga da yawa kafin a ci riba. Abin da ya fi wuyar kwaikwayo shi aka mayar shaidar asali. Mawaƙan zamani da yawa ta hanyar waƙoƙin fim suka yi suna, kuma ta hannun irin waɗannan 'yan kasuwa waƙoƙinsu suka isa ga jama'a.

Amma wannan garkuwa ba ta daɗe ba. Da kwamfuta da na'urar ɗaukar hoton takarda suka yawaita, sai masu satar fasaha suka koma kwaikwayon kwalin kansa. Ana iya gane na jabu: da yake hoton ɗigo aka sake mayarwa ɗigo, yakan fito da wani zane kamar saƙar tabarma, ƙananan haruffa su yi dishi-dishi, kwalin ya yi laushi. Hukuma ma ta yi nata ƙoƙarin. An kafa dokar haƙƙin mallaka a 1988, a 1999 aka fitar da ƙa'idojin manna tambarin tsaro mai walƙiya a jikin kayan sauti da na bidiyo, sannan aka sa hannu kan sabuwar doka a 2023.

Daga Kwali Zuwa Fuskar Waya

Abin da ya durƙusar da kasuwar faifai ba jabun kwali ba ne, wayar hannu ce. Da katin ajiya ya zo, sai masu tura waƙa suka kafa teburansu da kwamfuta a inda masu kaset suke a da. Waƙa ta rabu da rigarta. Takan yi yawo daga waya zuwa waya ba suna ba hoto, har a jingina wa wani mawaƙi aikin wani, mai waƙar kuma bai ga ko kwabo ba.

Duk da haka bangon albam bai mutu ba, sauya sheƙa ya yi. Manhajojin sauraron waƙa irin su Boomplay, da Spotify wanda ya shigo Nijeriya a 2021, suna nuna hoto mai kusurwa huɗu tare da kowace waƙa, gadon siffar rigar faifai. Bambancin shi ne, a fuskar waya hoton bai fi kan sarki girma ba, kuma da haske ake haɗa launinsa, wato ja da kore da shuɗi, ba da tawada ba. Ƙa'idojin da suka yi aiki a teburin tasha suna nan: fuska ɗaya bayyananna, suna mai karantuwa, launuka kaɗan.

Gwaje-gwaje Don Aji

1. A ɗauki fallen jarida a yaga shi daga sama zuwa ƙasa, a sake yagawa daga gefe zuwa gefe. Ta wace fuska yagar ta miƙe? Me wannan ya nuna game da kwanciyar zare?

2. A duba hoton jikin kwalin shayi ko na sabulu da gilashin ƙara girma. In babu, ɗigon ruwa a kan farar leda zai wadatar. A lissafa launukan ɗigon da aka gani.

3. A raba kwali mai launi gida biyu, a ajiye rabi a taga mai rana, rabi a cikin littafi. Bayan mako huɗu a gwada su. Wane launi ne ya fara gushewa?

4. Babban fallen kwali santimita 70 ne sau 100. In kowace riga tana bukatar fili mai santimita 26 sau 16.5, riga nawa za a fitar daga falle ɗaya? Falle nawa ake bukata don riga 1,000? (Amsa: 12 da 84, in an jera su duka ta fuska ɗaya.)

5. Kowane ɗalibi ya tsara bangon albam ga wani makaɗin garinsu, a girman santimita 12 sau 12. A kafa su a allo, a koma ƙarshen aji a ga wanda ake iya karantawa. A bayan bangon a rubuta shekara da gari da aikin kowane mutum da ke cikin ƙungiyar.

Kammalawa

An ga cewa ɗan kwalin da ake yagewa a jefar ya tattara ilimin tsirrai da na sinadarai da na haske da lissafi da kasuwanci. Ya kare faifai daga ƙura, ya nuna wa jama'a fuskar mawaƙi, ya kuma taɓa zama ma'aunin haƙƙin mai fasaha. A gidaje da yawa a Dayi da kewayenta har yanzu akwai tsofaffin kaset da faifai a cikin adaka ko a ƙarƙashin gado. Yana da kyau ɗalibai su nemi izinin iyaye su fito da su, su kakkaɓe, su kwafe abin da aka rubuta a jikin kwalayen cikin littafi, su kuma ɗauki hotonsu, sannan a mayar da su wuri busasshe da rana ba ta kaiwa. Makarantar da ta tara irin wannan bayani ta kafa ƙaramar taskar tarihin waƙar yankinta kafin gara ta riga ta.